Idon Takwarata na Hagu

Ban yi makaranta ba. Maganar da ke takardar nan tawa ce, hannun kuwa na wata maƙwabciyata ne da muke zuwa coci ɗaya. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Yarinyar jikata ce, ɗiyar ɗana na fari. Sunana aka sa mata, shi ya sa uwarta ba ta kama sunan, sai ta ce Mama Ƙarama. Ni kuwa takwara nake ce mata. Ubanta soja ne kamar yadda mijina ya kasance, yana can gabas, ba ya zuwa gida sai an ba shi hutu. Mijina ya rasu da damina, kafin damina ta zagayo yarinyar ta kwanta. Ban gama kukan wancan ba aka ɗora mini wannan. Mu uku ke gidan a nan Zuru: ni, da surukata mai sayar da manja da daddawa a kasuwa, da takwara, wadda a lokacin take da shekara takwas.

Zazzaɓi ne ya fara, wanda ba ya jin magani. Tafin hannunta ya yi fari, dasashinta yana jini in ta goge baki, wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a ƙafa alhali ba ta faɗi ba. Daga nan aka tura mu babban asibiti a Sakkwato, can aka ce kansar jini ce. Mun yi watanni a can. Ba zan ba da labarin watannin nan ba, don ba su ne suka hana ni sukuni ba. Abin da ya hana ni sukuni a gidana ya faru, da hannuna.

Ranar da za a sallame mu, likitar yaran ta zaunar da mu. Mace ce mai fara'a, ba ta kai surukata shekaru ba. Ta ce magani ya kama ciwon, amma ya kashe ƙarfin jikin yarinyar, ƙwayar cutar da ba za ta yi wa wani yaro komai ba tana iya kayar da ita. Za mu riƙa ba ta ƙwayoyi a gida, mu riƙa dawowa allura a ranakun da aka rubuta. Sai ta juyo ta dube ni tana murmushi.

"Mama, da ke nake. Na san ku kakanni. Babu jiƙo, babu tsaga, babu shafe-shafe. Kada a sa mata komai a baki ko a kunne ko a ido sai abin da muka bayar."

"Likita, me na yi miki kika tsare ni da ido?" na ce.

"Ba ki yi ba tukuna," ta ce, muka yi dariya.

Surukata ta tambaya, "Har kwalli?"

"Har kwalli. Kuma duk abin da kuka ga ya canja a jikinta, ko ƙanƙani ne, ku kira ni a ranar. Kada ku jira ranar allura."

Na ji wannan da kunnena. Ba zan ce ban ji ba.

Muka dawo gida da yarinyar da ba ta da gashi ko ɗaya. Ba na kai kaɗai ba, har gira da gashin ido sun zube. Kumatunta sun kumbura saboda ƙwayoyin. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ɗankwalinta ya zame, wata baƙuwa da ta zo daga Ribah ta dafa kanta ta ce, "Kai, yaron wa ne wannan aka sa wa rigar mata?" Matar ba ta nufi sharri ba. Da muka iso gida, takwara ta shige ɗakina ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Kwana biyu ko tsakar gida ba ta yarda ta zauna ba.

Ina da tandun kwalli da uwata ta bar mini. Tun rasuwar mijina ban taɓa shi ba. A wurinmu ɗiya mace tun tana jaririya ake sa mata kwalli, ni na sa wa takwara nata na farko da hannuna, kuma mun taso muna jin yana wanke ido. Rana ta uku, bayan uwarta ta tafi kasuwa, na ciro tandun daga ƙasan akwati. Na wanke tsinken da ruwan zafi, don in kwantar da hankalina. Na ja mata a ido biyu, na zana mata gira. Na miƙa mata madubi.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Kaka, yanzu na fi ki kyau."

"Da ma kin fi ni. Haƙora nawa suka rage mini?"

"Huɗu. Na ƙirga kina barci."

"Marar kunya. Ba ni madubina."

Ranar ta fita tsakar gida, ta ci abinci, har ta kori kaji daga shanyar dawa. Muka ƙulla cewa uwarta ba za ta sani ba. Kullum da hantsi in sa mata, kafin la'asar in wanke mata fuska tas. Mun yi kusan mako uku a haka, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin makonnin nan.

Wata Asabar da safe na ga idonta na hagu ya yi ja. Ba sosai ba, kamar na wanda ya zauna kusa da murhu. Nan take na ce a raina kwallin ne, na sa mata ƙwayar cutar da likita ta ce. Na mayar da tandun akwati, na wanke mata idon da ruwan ɗumi. Na tambaye ta ko yana zafi, ta ce a'a. Yana ƙaiƙayi? A'a. A iya sanina, ciwon ido yana zafi, yana kwantsa, yana hana mutum kallon rana. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Na ce tunda na daina, zai washe da kansa.

Da Litinin uwarta ta lura. Tana ɗaura zane za ta fita ta kama haɓar yarinyar ta ɗaga.

"Mama, kin ga idon Mama Ƙarama kuwa?"

"Na gani. Hayaƙi ne, jiya ta zauna kusa da ni ina hura wuta."

Ba ta zauna kusa da wuta ba. Yarinyar ta dube ni, na kawar da kai.

"Ko in kira likita?"

"A kan jan ido? Za ta ce ku taho, ki bi wannan hanyar da mutane ke tsoro, ki wahalar da yarinya a mota yini guda. Ranar allura saura mako biyu. Bari mu gani."

Ta tsaya jim da wayar a hannu, sannan ta sa ta a jaka. Ta yarda da ni ne don ni ce babba, na haifi shida na raini biyar. Wannan tsayuwar tata da waya a hannu, ina ganinta har yau.

Ba tsoron hanya ne ya sa na faɗi haka ba. Tsoro nake a ce an tambayi yarinya me aka sa mata, ta faɗa. A ce likita ta gargaɗe ni a gaban surukata na yi dariya, na dawo na aikata. A ce ɗana yana can yana kwana a rami a fagen yaƙi, uwarsa ta lalata masa idon ɗiya. Kwana nake ina roƙon Ubangiji ya washe idon kafin kowa ya sani, in yi alkawari ba zan ƙara ba.

Da Laraba muna tsintar wake a faifai, na ga tana barin tsakuwa a gefenta, ita da take tsince wadda ni ban gani ba. Ta karkata kai tana kallon faifan da gefe ɗaya kamar kaza. Da na ce ta zuba mini kunu, rabi ya zuba a ƙasa kusa da kofin.

"Takwara, me ke damun ki?"

"Ba komai."

"Rufe wannan idon da hannu. Me kike gani?"

Ta rufe na dama. "Ina ganin ki. Amma kamar an shafa koko a madubi."

Na ja ta bakin ƙofa inda haske yake, na buɗe idon da yatsa. A ƙasan baƙin idon wani farin abu ya kwanta, siriri, kamar nono ya taru a gindin ƙwarya. Na zauna a dandamali.

"Yau zan faɗa wa uwarki," na ce.

Ta riƙe mini zane da hannu biyu. "Kaka, don Allah. Za a mayar da ni a yi mini allurar baya. Kin ce zai warke. Ke kika ce."

Allurar bayan nan na san ta. Ana naɗe yaro kamar tabarma, a riƙe shi, a soka a gadon baya. Ni nake riƙe mata kai duk ranar da za a yi. Da ta faɗi haka sai na samu inda zan laɓe. Na ce wa kaina don ita na yi shiru. Ƙarya ne, don kaina na yi, amma a lokacin haka na gaya wa kaina, na ƙara kwana huɗu.

A kwanakin nan ban ci abin kirki ba. Da gari ya waye nake zuwa in duba idon kafin uwarta ta tashi, wai ko farin ya ragu. Wata rana sai in ga kamar ya ragu, in ji sanyi har hantsi, sannan in sake dubawa in ga yana nan. Jan kuwa ya ɗan lafa, shi ya sa uwarta ba ta ƙara magana ba, tana fita da sassafe ta dawo a gajiye. In za su haɗu, sai in zaunar da yarinyar ta inda idon dama ke fuskantar uwar. Har wannan na yi.

Ranar Lahadi da yamma, kwana tara ke nan, ubanta ya samu waya ta kama, ya kira irin kiran da ake ganin fuska. Muna zaune a tabarma mu uku. Takwara ta karɓi wayar tana murna.

"Mamana, ya jiki? Kina shan magani?"

"Ina sha. Baba, ka rame."

"Ke kuma kin yi kumatu, duk abincin gidan ke kike cinyewa. Me ya sa kike kallona a karkace? Dubo ni sosai."

Wani ƙwaro ya faɗa mata a idon dama, ta sa hannu tana murzawa. Wayar tana gaban fuskarta. Sai ta ce, "Baba, ina ka tafi? Wayar ta mutu."

Wayar ba ta mutu ba. Ga fuskarsa nan tana haske, mu biyu muna gani.

Uwarta ta karɓe wayar a hankali. Ta rufe wa yarinyar idon dama da tafinta, ta ɗaga ɗaya hannun. "Yatsa nawa?" Yarinyar ta fashe da kuka.

Nan na faɗa. Duka na faɗa, kwallin, da hayaƙin da ban hura ba, da farin da na gani tun Laraba. Ɗana yana ji ta waya. Na jira ya yi mini faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Mama, ku shirya. Gobe motar farko." Surukata kuwa ta dube ni, idonta a bushe, ta ce, "Mama, gida ɗaya muke kwana da ke." Ba ta ƙara ba. Ta tashi ta kira likita.

Hanyar Sakkwato ba ta taɓa yi mini nisa kamar ranar ba. Yarinyar tana kan cinyar uwarta, ni ina gefe da tandun a ƙulle a bakin zane, don na ce zan nuna wa likita abin da na sa, ko zai taimaka a san maganin.

Aka kai mu wurin likitan ido, wani dattijo mai magana a hankali. Aka ɗiga mata magani, muka jira, sannan ta ɗora haɓa a kan wani ƙarfe ya haska mata fitila a ido. Ya daɗe a na hagu. Ya koma na dama, ya daɗe a nan ma, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Aka kira likitar yaran, suka yi magana da Turanci, sannan ta juyo gare mu. Wannan karon ba ta yi murmushi ba.

Na kwance tandun na ajiye a teburinta. "Likita, ni ce. Kin hana, na sa."

Ta ɗauka ta duba ta ajiye. "Bai kamata ki sa ba, Mama, yana iya jawo wata cutar. Amma wannan ba kwalli ba ne. Ciwon ne da kansa."

Ta yi mana bayani yadda zan gane. Ta ce maganin da ake sa wa a jini yana zagaya jiki, amma akwai wuraren da ba ya shiga sosai, ido yana cikinsu. Sai ciwon ya gudu ya ɓuya a can. Farin da na gani ƙwayoyin ciwon ne suka taru, kuma sun kama jijiyar da ke kai gani daga ido zuwa kai. Ta hagu ta daɗe a kame. Ta dama an fara taɓa ta.

Ashe abin da na yi kwana tara ina ɓoyewa ba shi ne laifin ba. Ɓoyewar ce laifin.

Na ce, "Da mun zo ranar da ya yi ja fa?"

Surukata ta sunkuyar da kai. Likitar ta gyara takardun gabanta kafin ta amsa.

"Da wuri ya fi, Mama. Jijiyar ido ba ta jira. Amma ba zan iya rantse miki cewa da ya tsira ba. Yanzu na dama muke nema, shi za mu sa a gaba."

Na so ta ce mini ko da mun zo da wuri haka za a yi. Ba ta ce ba. Na so kuma ta ce ni na kashe idon, in san abin da zan ɗauka. Shi ma ba ta ce ba. Tsakanin biyun nan nake zaune har yau.

A ranar aka yi allurar bayan da yarinyar take gudu, aka kuma yi ta yi bayan nan fiye da da. Aka ƙara mata magani mai ƙarfi, aka kai ta ɗakin da ake gashi da na'ura, inda ba a barin kowa ya shiga da ita. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jin tana kiran uwarta. Da can ni take kira. Mun ƙara wata biyu a asibitin. Idon dama ya tsira. Na hagu bai dawo ba. In ka gan shi lafiyayye ne, yana motsi tare da ɗan'uwansa, amma ko fitila aka haska ba ta sani.

Da za mu dawo, likitan ido ya ce a riƙa gwada na dama kowace safiya, a tsaya nesa kaɗan a nuna mata yatsu ko wani ƙaramin abu. In an ga canji, a ranar za a kira. Na ɗauka surukata za ta ce ita za ta riƙa yi, ko ta kai yarinyar gidan iyayenta. Tun ranar Lahadin nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da muka iso gida ta ajiye kaya, ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa kamar yadda ta saba.

"Mama, ni ina fita da wuri. Ke za ki riƙa gwada ta."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Ke kika ga farin nan tun Laraba. Ni uwarta ban gani ba. Idonki ya fi nawa a kanta. Bakinki ne nake roƙo, in kin gani ki faɗa."

Na yi kuka ranar har muryata ta dushe.

To haka muke yi yanzu. Kullum in rana ta fito sai in tsayar da ita a bakin rumbu, ni in koma gindin mangwaro. Da farko yatsu nake nunawa, sai na gane ta haddace ni, wai kullum da uku nake farawa. Na koma ɗaukar abubuwa a cikin zane, cokali, ko ashana, ko barkono, in fito da ɗaya. Wani lokaci ta faɗi daidai tun ban gama ɗagawa ba. Wani lokaci don tsiya ta ce, "Akuya ce," ta tsaya tana kallon yadda fuskata za ta yi, sannan ta yi dariya. Na ce mata wannan wasan zai kashe ni, ta ce ai na tsufa da ma.

Jiya na ɗaga ashana. Ta matso taki ɗaya, ta runtse ido, sannan ta ce ashana. Daidai ne, amma ta matso. Na ce ta koma mu sake, na ɗaga cokali, ta faɗa nan take. Ta ce rana ce ta haske mata ido da farko. Mai yiwuwa ranar ce. Ta ga ina ɗaura ɗankwali, ta gane inda za ni.

"Kaka, na faɗa daidai fa! Sau biyu na faɗa daidai!"

Ban tsaya ba. Na taka har kasuwa da ƙafafun nan nawa, na samu uwarta tana auna wa wata manja, na faɗa mata a gaban mai sayen. Ta kira likita, aka ce mu zo jibi a duba.

Takwara ba ta yi mini magana ba tun jiya. Da na kai mata kunu ta juya mini gefen hagu, inda ba ta ganina. Kayanmu suna ɗaure a bakin ƙofa. Gobe za mu bi motar farko, kuma ban san abin da dattijon nan zai gani ba in ya haska fitilarsa.